Ranar da muka gasa pogaca da tafarnuwar daji a Pec

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Hangari, ko da na wata guda ne, ya san pogácsa, wadda ake furtawa pogaca. Nau'in burodi ce 'yar ƙarama mai gishiri, ba ta wuce loma biyu ba. Samanta a tsattsage yake da wuƙa, cikinta kuma falle-falle. Ita ake jerawa a faranti idan za a yi taro a ofis, ita ake fara miƙa wa baƙi a wurin biki kafin a kawo abinci, ita ɗalibi ke saya a tashar jirgi ya ci a tsaye. A tatsuniyoyinsu, idan ɗan auta zai fita neman arziki, pogaca uwarsa ke gasa masa a cikin toka ta zuba masa a jaka. Har yau ɗaliban da suka gama sakandare, ranar bikin sallamarsu, akan rataya musu 'yar jaka da pogaca a ciki, da ɗan gishiri da tsabar kuɗi.

Ni kuwa da na zo karatu birnin Pécs, wato Pec, a kudancin ƙasar, na daɗe ina kallonta daga nesa. Dalilin shi ne kitsen alade. Shi ne man girkin gargajiya na mutanen nan, kuma pogacar da suka fi tinƙaho da ita, wadda suke kira tepertős, da soyayyen kitsen alade da aka niƙa ake kwaɓa ta. Ko mai cuku da mai dankali ba ka da tabbas sai ka tambaya, shi kuma wanda ya miƙo maka sau da yawa sayo ta ya yi, bai san abin da aka sa ba. Bahaushe ya san nauyin a miƙo maka abinci da fara'a ka ce a'a. Na sha yin hakan, kuma ba a taɓa yi ban ji ciwonsa a raina ba.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta warware mini wannan. Neni nake ce mata, yadda matasan nan ke kiran duk macen da ta isa haihuwarsu. Ta lura ba na kai hannu farantin, ta tambaye ni, na gaya mata. Sai ta ce, "'Yata, ai ba dole sai da kitse ba. Da bota ma ana yi, kuma ba ta gaza waccan da komai ba. Ki bari tafarnuwar daji ta fito, mu yi wadda za ki ci har ki ture." A lokacin ana tsakiyar sanyi, don haka sai da muka jira watan Maris. A shekarar, wato 2024, azumi ya kama ne daga wajen tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, daidai da lokacin ganyen, sai na ƙudurta da pogacar zan yi buɗa-baki.

Tafarnuwar dajin nan, medvehagyma a bakinsu, Allium ursinum a wajen masana tsirrai, 'yar uwar albasa ce da tafarnuwar da muka sani, sai dai ganyenta ake ci. Ganye ne mai faɗi, mai laushi, kore shar. Tana son inuwa da ƙasa mai laima, kuma tana fitowa ne a ɗan tsakanin narkewar dusar ƙanƙara da lokacin da manyan itatuwa za su yi ganye su tare rana. Makonni kaɗan ne ke nan. Da zarar ta fara fitar da farar fure, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ganyen ya fara tauri, ƙamshin ya ragu, kafin tsakiyar shekara kuma ta bushe ta koma ƙasa sai baɗi. Tsaunukan Mecsek da ke bayan Pec sun yi suna a duk ƙasar saboda ita, har ƙauyen Orfű da ke can cikinsu yana yi mata biki na musamman a lokacinta. A kasuwar birni ma ana sayar da ita ƙulli-ƙulli, amma Neni ta ce tun da ƙafarta na iya kai ta, ba za ta sayi abin da Allah ya shimfiɗa a bayan gari ba.

Da safe muka hau bas, muka sauka a bakin daji, muka ɗan taka. Tun kafin ido ya gan ta hanci ya ji ta. Gangaren tudun gaba ɗaya ya rufe da ita har bakin wani ɗan rafi, ba ka ganin ƙasa. Na sunkuya zan damƙo da yawa, sai Neni ta riƙe mini hannu. Abin da ta koya mini a wurin nan ya fi duk abin da ya biyo baya muhimmanci, don kuskure a kicin asarar fulawa ce kawai, kuskure a daji kuwa yana iya zama asarar rai.

Akwai tsirrai masu guba da ke kama da ita, kuma wani lokaci a tsakiyarta suke fitowa. Ɗaya shi ne wanda suke kira gyöngyvirág, mai fararen furanni 'yan ƙanana masu ƙamshi. Ganyensa biyu ne ke fitowa a kara ɗaya, ya fi tauri, bayansa kuma yana sheƙi. Na biyu őszi kikerics, shi ne mafi haɗari, gubarsa na kisa, kuma dafawa ba ta kashe ta. Ganyensa ba shi da siririn kara, a dunƙule yake fitowa daga ƙasa. Na uku kontyvirág, wanda idan ya girma ganyensa kan yi siffar kan kibiya, amma yana ƙarami yana ruɗar mutum, sai ka duba jijiyoyin ganyen ka ga sun yi rassa. Ita tafarnuwar daji kowane ganye da nasa siririn karan daga ƙasa, jijiyoyinsa a miƙe suke daga tushe zuwa kai, bayansa ba ya sheƙi, idan ka murza shi kuma warin tafarnuwa zai buge ka. Sai dai Neni ta ja mini kunne a kan dogaro da wari. Ta ce da kin tsinki ganye goma hannunki ya riga ya ɗauki warin, duk abin da kika taɓa zai yi miki ƙamshin tafarnuwa. Shi ya sa ba a yanka ta da lauje, ba a damƙa. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinka, ana kallon kowane.

Haka muka yi. Ganye ɗaya ko biyu daga kowane tushe, ba a tumɓuke kwan da ke ƙasa, ba a tattake wurin. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya ɗebi har kilo 2 a rana na irin waɗannan tsirrai a dajin gwamnati don amfanin gidansa, wuraren da aka keɓe kuma sai da izini. Mu ko kusa da haka ba mu kai ba. Giram 100 ya ishi kwaɓi ɗaya, sai muka ɗan ƙara saboda wani amfanin. Ta hana ni sawa a leda, ta ce yana gumi ya yi laushi, a jakar ƙyalle muka zuba.

Da muka dawo gida na wanke ganyen ɗaya-ɗaya a ruwan sanyi, don dila da barewa da aladen daji duk suna ratsa wurin. Wankin ma wata dama ce ta sake duba kowane ganye. Muka shimfiɗa su a kan tawul muka bar su suka tsane sarai. Wannan tsanewar ba ƙaramin abu ba ne, jiƙaƙƙen ganye yana sakar wa kwaɓi ruwa ya hana shi rabuwa falle-falle.

Mutanen Hangari da deka suke awo, deka ɗaya giram 10 ne, don haka Neni na cewa fulawa deka 50 ni ina duba sikeli ina neman giram 500. Bayan fulawar ta fito da bota giram 250, ta raba ta biyu, giram 150 ta mayar firji, giram 100 ta bari a waje ta yi laushi. Sai ɗanyen yis giram 25, wato rabin ƙullin da ake sayarwa a shago. Wanda ba shi da ɗanye, busasshe giram 7 ya wadatar. Sai madara mililita 100, sukari ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali biyu, ƙwai biyu, cukun Trappista giram 100, wanda shi ne cukun yau da kullum a ƙasar, da kuma tejföl giram 150. Shi tejföl kirim ne na madara mai ɗan tsami da kauri, yana kama da kindirmon da ba a cire masa mai ba, kuma kusan ba abincin da mutanen nan ba sa zuba masa shi.

Da yis muka fara. Aka ɗumama madarar kaɗan, Neni ta sa ni na tsoma ɗan yatsa, ta ce idan kin ji zafi to ya yi wa yis yawa, zai mutu, idan kin ji kamar ba ki taɓa komai ba to ya yi daidai. Muka zuba sukarin, muka marmasa yis ɗin a ciki, muka rufe. Cikin minti 10 ya yi kumfa ya taso.

Kafin nan ni ina kan fulawa. Na tankaɗe ta a babban kwano, na zuba gishiri, na yayyanka botar nan mai sanyi a ciki, na shiga murzawa da kan yatsu. Neni ta dage a kan kan yatsu, ban da tafin hannu, saboda tafin hannu ya fi ɗumi, yana narkar da botar. Ana so ta farfashe ta bi fulawar har ta zama gari-gari, amma kada ta narke ta zama mai. Da ta kai haka na yi rami a tsakiya, na juye madarar yis, da tejföl, da gwaiduwar ƙwai ɗaya, na haɗa. A nan ban yi irin bugun da ake yi wa kwaɓin burodi ba. Minti kaɗan ne, da zarar ya haɗu ya daina kama hannu da kwano sai a tsaya. Yawan bugu yana sa shi danƙo, pogaca kuma taushi ake nema a wurinta.

Da yake ina azumi, Neni ce ta gutsuri kwaɓin ta ɗanɗana. Ta yi shiru, ta ƙara ɗan gishiri da yatsu uku. Ta ce pogacar da gishiri bai ji ba ba ta da magani, tun da ba miya ba ce balle a gyara a kan wuta. Ba ta taɓa yi mini wata doguwar tambaya a kan azumin ba. Su ma a lokacin suna cikin nasu kwanaki arba'in na kafin Ista, ita kanta ba ta cin nama ranar Juma'a, don haka abin bai zame mata baƙo ba. Abin da kawai ta tambaya shi ne ƙarfe nawa rana za ta faɗi, ta yi lissafi a kanta, ta ce muna da lokaci.

Muka rufe kwaɓin da ƙyalle ya huta kamar minti 40 a wuri mai ɗan sanyi. Ni kuma na koma kan ganye. Na tara su, na naɗe, na yanka siri-siri da wuƙa mai kaifi, sannan na gitta. Akwai masu niƙawa a inji, pogacarsu ta fito kore gaba ɗaya. A ganina wannan ɓata ganye ne. Niƙa tana fitar da ruwansa, ƙamshin ya tafi tun kafin a kai ga wuta, kuma ka rasa ɗigo-ɗigon koren nan a cikin farin kwaɓi wanda shi ne kyanta. Haka kuma ba a sa wa yankakken ganyen gishiri, don gishiri na janyo ruwa. Na zuba shi cikin botar da ta yi laushi na cakuɗa da cokali. Ya yi mini kamar ya yi yawa, amma zafin wuta yana rage ƙarfin wannan ganye sosai, wanda ya yi rowa ba zai ji komai ba bayan gashi.

Sai ninki, wanda shi ne ainihin aikin. Na barbaɗa fulawa a katako, na murza kwaɓin da sandar murji ya zama mai kusurwa huɗu, kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba. Na shafe shi da botar ganyen, na bar ɗan fili a gefe-gefe don kada ta tsattso. Sannan na ɗauko kashi ɗaya cikin uku daga hagu na kwantar a tsakiya, na ɗauko na dama na rufa a kai. Na sake yin haka daga sama da ƙasa, ya zama dunƙule mai hawa tara. Aka rufe, aka sa a firji minti 20 zuwa 30. Aka fito da shi, aka murza, aka ninke, aka mayar. Sau uku ake yi.

Hikimar abin ita ce bota ba mai zalla ba ce, akwai ruwa a cikinta. Idan ta zauna siri-siri a tsakanin hawa-hawan kwaɓi, zafin obin na mayar da ruwan nan tururi, tururin ya ɗaga kowane falle daga ɗan uwansa, man kuma ya hana su sake mannewa. Idan botar ta narke tun a kan katako, sai ta shige cikin fulawar, a ƙare da abu guda curarre. Hutun firjin yana ƙanƙarar da botar, yana kuma sa kwaɓin ya saki jiki, ya daina komawa baya idan an murza shi. A murji na biyu na ji bambancin a hannuna. Ina dannawa a hankali yana tafiya, koren ganyen na bayyana ta cikin fatarsa. Neni na tsaye a gefena tana cewa daga tsakiya zuwa waje, kada ki danne bakin. A wani wuri ya ɗan yage botar ta leƙo, ta barbaɗa masa fulawa ta ce ci gaba, ba komai.

Na ga masu tsallake ninkin nan, su zuba komai a kwano ɗaya su kwaɓa su gasa. Ana samun abin ci, ban ce ba a samu ba. Amma wanda ya ɗanɗana biyun ya san ba ɗaya ba ne, kuma duk wahalar ba ta wuce jira ba. A tsakanin ninki da ninki na yi sallar la'asar, na wanke kwanuka, Neni ta goge cukun.

Murji na ƙarshe an bar shi da kauri, santimita 2 ko ɗan fiye. Wannan wuri ne da hannu ke son wuce gona da iri, sai an kame, don siririn kwaɓi ba ya tashi ya yi tsayin da ake so. Neni ta miƙo mini wuƙa ta ce in tsaga saman duka, layi-layi kusa da juna, sannan in gitta, amma kada wuƙar ta nutse, fatar sama kawai. Wannan tsagar ita ce fuskar pogaca, kuma tana riƙe ƙwai da cuku. Daga nan ta ciro abin yankanta na ƙarfe, zagayayye, faɗinsa kamar santimita 4, wanda ya tsufa har ya yi duhu. A tsoma shi a fulawa, a danna tsaye, a ɗago. Ta hana ni murɗawa, ta ce murɗawa tana manne bakin fallayen, sai pogacar ta tashi a karkace ko ta ƙi tashi. Ana yanka su kusa da juna don ragowar ta yi kaɗan, ita kuma ragowar ba a dunƙule ta, ana ɗora ta ne kan juna a murza, don kada hawa-hawan su lalace. Mun sami wajen 40.

Muka jera su a tire a kan takardar gashi, ba nesa da juna sosai ba, muka bar su minti 15 suka ɗan ƙara tashi, obin kuma na ɗaukar zafi zuwa digiri 200. Na kaɗa ɗaya ƙwan na shafa da buroshi a saman kaɗai. Idan ya zuba ta gefe yana bushewa ya ɗaure wannan ɓangaren, pogacar ta karkata. Rabi muka barbaɗa wa cuku, rabi muka bari haka, don Neni ta ce in ji ɗanɗanon ganyen shi kaɗai tukuna.

Minti 20 suka yi, kuma ba a buɗe ƙofar obin a minti goman farko. Ta gilashi na riƙa kallo suna miƙewa sama, gefensu na rarrabewa. Warin ɗanyar tafarnuwar nan mai yaji ya juye ya zama wani ƙamshi mai taushi haɗe da na bota, ya cika gidan har matakala. Ga mai azumi a sa'ar ƙarshe wannan jarrabawa ce ta gaske. Da samansu ya yi ja-ja, Neni ta ɗaga ɗaya ta duba ƙasanta, ta ga shi ma ya yi, muka fitar muka juye a kwando muka rufa ƙyalle sama-sama.

Rana ta faɗi wajen ƙarfe 6. Na sha ruwa, na ci dabino, na yi magariba, sannan na zauna da shayi na ɓare ta farko. Ta rabu a hannuna ba tare da wuƙa ba. Saman na ƙaras-ƙaras, cikin da laushi da ɗumi, gishirin ya ji, tafarnuwar kuma ba ta buge baki, a hankali take zuwa daga baya. Wadda ba cuku ta fi burge ni, ko da yake Neni mai cukun ta fi so. Na kira ɗalibai biyu 'yan uwa Musulmi da ke zaune kusa da mu, ɗaya daga cikinsu shekararta ta uku ke nan a ƙasar ba ta taɓa kai pogaca bakinta ba. Ta ci, ta nemi a rubuta mata awon. Na ga yadda fuskar Neni ta cika da farin ciki, don ita ma ashe abin yana damunta, a ce akwai mutum a ƙarƙashin rufinta da ba ya iya cin abin da take alfahari da shi.

Ragowar ta kai sahur, kuma minti biyar a obin ya dawo da ita kamar sabuwa. Ganyen da ya saura muka yanka muka cakuɗa da bota, muka naɗe a takarda muka sa a wurin ƙanƙara, ta haka ne ake samun pogacar tafarnuwar daji bayan lokacinta ya wuce. Busar da shi ba ya amfani, ƙamshin gudu yake.

'Yan uwa a gida da na tura wa hoto sun tambaye ni ko za su iya yi ba tare da wannan ganye ba. Za a iya samun abin da ya kusa. A yanka lawashi siri-siri kamar giram 80, a daka tafarnuwa ƙwaya biyu, a cakuɗa da botar, a sa kindirmo mai kauri da aka tsane a ƙyalle a madadin tejföl. Babban abin lura shi ne zafin gari. A yi aikin da sassafe ko da dare, botar da kindirmon su fito daga firji kai tsaye, hutun tsakanin ninki kuma a kai shi minti 40, idan an ga botar ta fara sheƙi a kan katako a dakata a mayar da kwaɓin firji kafin a ci gaba.